Zama Na Farko a Ɗakin Zantawa: Nazarin Lamarin Wani Ɗan Kasuwar Hatsi a Gombe

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwar hatsi ne a Gombe, mai shekara 44, magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara. Ya amince a rubuta lamarinsa bisa sharaɗin a ɓoye sunansa da unguwarsa da duk wata alama da za ta sa a gane shi, saboda haka zan kira shi Alhaji kawai, kamar yadda muke kiransa a sashenmu. Ni ma'aikacin walwalar marasa lafiya ne a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibitin gwamnati, kuma abin da na rubuta a nan na samo shi ne daga bakinsa, da bakin ƙanensa, da kuma bayanin abokiyar aikina da ta zanta da shi. Ciwonsa ba baƙo ba ne, irinsa muke gani kowane mako. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne nisan da ke tsakanin abin da ya zata zai tarar da abin da ya tarar a ranar farko, nisan da saura ƙiris ya raba shi da magani baki ɗaya.

Alhaji ya shafe sama da shekara 20 yana sayen masara da gero da wake a kasuwannin ƙauye lokacin kaka, yana tarawa a sito a Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta garin Gombe, har farashi ya ɗaga. A wata kaka ya karɓi kuɗin mutum biyar, ciki har da surukinsa, mahaifin uwargidansa, ya haɗa da nasa ya sayi wake mai yawa. Ƙwari suka shiga wani ɓangare na buhunan, farashi kuma ya yi ƙasa a lokacin da ake sa ran tashinsa, ya sayar da abin da ya rage a kan faɗuwa. Bai gaya wa kowa girman asarar ba. Bayan wata biyu barci ya fara ƙaurace masa, yakan farka wajen ƙarfe uku na dare ya zauna ido biyu har kiran assalatu, sai zafi a tsakiyar kai, da faɗuwar gaba ba dalili, da jin kamar wani abu na tafiya a ƙarƙashin fatarsa. Abinci ya fita daga ransa, ya rame, ya daina zama a majalisa bayan la'asar, yara kuma suka koyi guje masa saboda faɗan da yake yi a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Hanyar da ya bi kafin ya iso wurinmu ita ce hanyar da mafi yawan mutanenmu suke bi. Ya fara da kemis, inda aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, sannan na taifot, sannan na olsa. Ya sha rubutu, an yi masa tofi, wani ɗan uwansa ya kai shi ruƙiya har sau biyu bisa zaton sammu ne daga abokan hamayyar kasuwa. Da ya je sashen marasa lafiya na yau da kullum, aka auna jininsa da sukari, aka duba yawan jini da aikin maƙoƙo, duk ba a ga abin da zai bayyana halin da yake ciki ba. Likitan da ya duba shi ya tambaye shi abin da yake tunani idan ya farka cikin dare, da ya ga Alhaji ya sunkuyar da kai ya kasa amsawa, sai ya rubuta masa takardar turawa zuwa sashenmu. Takardar ta yi mako uku a aljihun rigarsa, domin a wurinsa sunan wannan sashe ɗaya ne tak, wato wurin mahaukata.

Abin da ya zata

Ranar da ya zo, bai karya kumallo ba, domin ya ɗauka za a ɗebi jininsa ko a sa kansa cikin na'ura. Ya zo da ƙanensa, kuma daga baya ya gaya mini cewa dalilin zuwa da shi shi ne idan aka riƙe shi a asibiti, a sami wanda zai mayar da makullan sito gida. Ya yi tsammanin allura, ya yi tsammanin a kwantar da shi, har ya yi tunanin ɗauri, saboda abin da ya taɓa gani yana yaro a gidan wani mai maganin gargajiya. Wannan tsoro yana da tushe. Har zuwa watan Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, dokar da ke aiki a Najeriya ita ce ta 1958, wadda aka gina a kan tsare mai taɓin hankali fiye da yi masa magani. Sabuwar dokar ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a nemi yardarsa, a kuma kiyaye sirrinsa, amma labarinta bai kai Tudun Hatsi ba.

Abin da ya tarar shi ne yankar kati, da zama a benci na kusan awa biyu, sannan ƙaramin ɗaki mai tebur ɗaya da kujeru uku, babu gado, babu abin awo, babu kwalbar magani. Wadda ke jiransa a ciki mace ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwarsa ba, kuma wannan kaɗai ya kusa mayar da shi, domin bai taɓa tunanin zai buɗe wa mace, baƙuwa, ƙarama, abin da ya ɓoye wa matansa ba.

Yadda zaman ya gudana

Ta gaishe shi gaisuwar da ta dace da babba, ta tambayi iyali da kasuwa da jiki, ya amsa da "Alhamdu lillahi, likita." A nan ta yi gyara na farko. Ta ce masa ita ba likita ba ce, masaniyar halayyar ɗan Adam ce, ba ta rubuta magani kuma ba ta yin allura, aikinta zantawa ne da tsari, wanda ke rubuta magani shi ne likitan ƙwaƙwalwa, kuma idan akwai buƙata za ta haɗa shi da shi. Mutane da yawa ba su san wannan bambanci ba, kuma rashin saninsa ne ke sa su fita suna ganin an hana su abin da suka zo nema. Daga nan ya koma kiranta Malama.

Kafin ta yi masa tambaya ko ɗaya, ta shimfiɗa masa ƙa'idar zaman. Za su ɗauki kusan awa guda. Yau ranar sauraro ce da fahimtar matsala, don haka tambayoyi za su yi yawa, shawara kuma kaɗan. Yana da damar ya ƙi amsa duk abin da bai shirya faɗa ba. Abin da ya faɗa ba zai fita daga hannun ma'aikatan da ke kula da shi ba, ko matansa ba za a gaya wa ba sai da izininsa, in ban da hali ɗaya, wato idan ta ga ransa ko ran wani yana cikin haɗari, to a nan za ta nemi taimako, kuma za ta sanar da shi kafin ta yi hakan. Sannan ta ce al'adarta ita ce a fara da ɗan rakiya na ɗan lokaci, daga baya ya jira a waje. Na daɗe ina ganin hikimar wannan tsari. Da ta tambayi Alhaji ko yana so ƙanensa ya fita, kunya za ta sa ya ce ya zauna, kuma da ƙanen ya zauna, da maganar bashi ba ta fito ba. Mayar da abin al'adar ɗaki ya ɗauke wa kowa nauyi.

Ƙanen ya ba da bayanin da Alhaji ba zai bayar ba, cewa Yaya ya daina fita, ya daina dariya, kuma yakan zauna a cikin mota a ƙofar gida tsawon lokaci bai shiga ba. Da ya fita, Alhaji ya shafe kusan minti 20 yana lissafa ciwon jiki, daga zafin kai zuwa ƙwannafi zuwa mutuwar gaɓoɓi, Malama kuma ba ta katse shi ba, ba ta kuma ce masa jikinsa lafiya lau yake ba. Wannan muhimmin abu ne, domin a wurinmu damuwa takan fara magana ne da harshen jiki, kuma wanda aka gaya wa cewa babu abin da ke damunsa yakan ji an ƙaryata shi ne. Zafin kan gaskiya ne, faɗuwar gaban gaskiya ce, tushensu ne ba inda yake nema ba.

Sai ta tambaye shi yaushe abin ya fara, ya ce bayan babbar salla. Ta tambaye shi me ya faru a lokacin. Ya yi shiru, ita ma ta yi shiru. Ya gaya mini daga baya cewa wannan shirun ya fi kowace tambaya nauyi, domin ya saba da likitan da ke rubutu tun kafin ka gama magana, ga shi yau an zauna ana jiransa kamar babu layi a waje. A ƙarshe ya ce, "Malama, na ci kuɗin mutane." Daga nan labarin waken ya fito gaba ɗaya, karo na farko tun da abin ya faru.

Ta ci gaba da tambayoyin da ake yi wa kowa a zaman farko, kuma wasu sun ba shi mamaki: ko akwai mai irin wannan hali a danginsa, ko yana shan wani abu don ya yi barci ko don ya ji ƙarfi, yadda zamansa da matansa yake, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko an taɓa samun lokacin da ya yi kwanaki ba barci amma yana cike da karsashi da ɓarnar kuɗi. Ba a yin waɗannan don zargi, ana yi ne don a bambance ciwon damuwa da wasu cututtukan da ke kama da shi amma maganinsu daban. Sannan ta karanta masa tambayoyi tara na ma'aunin da ake kira PHQ-9, tana fassara masa da Hausa, kowace tambaya a kan makonni biyu da suka wuce, kowace amsa da maki daga 0 zuwa 3, jimla kuma ba ta wuce 27. Ya sami 17, wanda ke cikin rukunin damuwa mai ɗan tsanani.

Tambaya ta tara ce ta kusa ɓata zaman. Tun da farko ya ce da mutuwa za ta zo da ya huta, don haka ta tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Ya ɗago kai da ɓacin rai, ya ce, "A'uzu billahi, Malama, ni Musulmi ne." Ba ta janye tambayar ba, ba ta kuma ba shi haƙuri a kan yin ta ba. Ta ce kowa take yi wa ita, Musulmi da Kirista, babba da yaro, domin tunani yakan zo wa mutum ba da gayyatarsa ba. Bayan ɗan lokaci ya ce tunanin yakan gifta cikin dare, amma bai taɓa shirya komai ba, kuma tsoron Allah da tunanin 'ya'yansa suna tare shi. Da yardarsa aka kira ƙanen, aka amince cewa magungunan adana hatsi da ke sito za su koma hannunsa na wani lokaci, aka kuma rubuta wa Alhaji wanda zai kira idan dare ya yi masa nauyi. Akwai masu ganin cewa irin wannan tambaya tana shuka tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Masana wannan fanni ba su yarda da haka ba, kuma abin da na gani a aiki shi ne mutum yakan sauke numfashi idan an tambaye shi.

Kusa da ƙarshe ya yi tambayar da ta fi cin ransa, ko wannan hali yana nufin imaninsa ya yi rauni, tunda mai tawakkali bai kamata ya damu da dukiya ba. Malama ba ta yi masa wa'azi ba, ba aikinta ba ne, amma ta tuna masa da Annabi Yakubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, ta kuma ce kada ya bar addu'a ko malaminsa saboda ya zo asibiti. Ta gaya masa sunan abin da take zato, wato ciwon damuwa, ta ce ba hauka ba ne kuma ana warkewa. Ta sa masa ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, ta ba shi aiki biyu: ya sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya farka, ya kuma koma sallar asuba a masallaci da ƙafa ko da ba ya jin daɗin fita. Abu na ƙarshe da ta faɗa, yana kan miƙewa, shi ne wataƙila kwana biyu ko uku masu zuwa su fi na baya nauyi, domin an taɓa miki.

Bayan fitowa

A bakin ƙofar asibiti ya ce wa ƙanensa, "Hira kawai muka yi. Ko ƙwaya ɗaya ba a ba ni ba." A daren bai runtsa ba, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa, washegari kuma ya ji kunyar abin da ya faɗa wa baƙuwa har ya yi alkawari a ransa ba zai sake haɗa ido da ita ba. Ranar zama na biyu ta zo ta wuce bai zo ba.

A nan ne ake rasa mutane da yawa, kuma ra'ayina shi ne mun fi yawan ɗora laifin a kan tsoron gori, alhali wani kaso babba namu ne, mu ma'aikata. Mutum ya bar kasuwarsa, ya biya kuɗin kati da na mashin, ya yi zaman benci, ya tone abin da ya binne, ya koma gida hannu wayam kuma zuciyarsa ta fi da zafi. Idan ba a gaya masa tun farko cewa haka zaman farko yake ba, hukuncin da zai yanke a bayyane yake, kuma ba za a ce bai yi hankali ba. Ni na kira shi a waya bayan kwana biyu da saɓa ranar. Bai ba da uzuri ba, amma ya faɗi abin da na riƙe: ya ce abin da ya hana shi yanke ƙauna shi ne Malama ta faɗa masa tun kafin ya fita cewa zai ji nauyi, kuma da nauyin ya zo daidai yadda ta faɗa, sai ya fara zargin cewa ta san abin da take yi. Ya dawo bayan mako guda.

Sauran zaman ba su da abin mamaki irin na farko. Hanyar da aka bi ita ce wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a Amurka cikin shekarun 1960, wadda ke duba alaƙar tunani da ji da aiki, aka haɗa da dabarun warware matsala irin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a shirinta na zama biyar don wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci. Aikin da ya fi yi masa wuya shi ne rubuta bashin. Ya bayyana cewa tun da asarar ta auku bai taɓa haɗa jimlar abin da ake binsa ba, a kansa kawai yake jin ta kamar dutse. Da aka rubuta sunaye biyar da adadin kowa, aka cire abin da ya riga ya biya, jimlar tana da yawa amma tana da iyaka. Sun kuma ɗauki zama guda cur a kan maganar nan tasa ta "na ci kuɗin mutane", Malama tana tambayarsa ko ya sayi gida da kuɗin, ko ya ƙara aure, ko ya ɓoye wani abu, har shi da kansa ya ce a kasuwa akwai bambanci tsakanin wanda jarinsa ya karye da wanda ya ci amana, kuma da wani ne abin ya sama, da bai kira shi ɓarawo ba.

Likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta masa ƙwaya ɗaya da safe, a nan ma aka yi tuntuɓe. Bayan kwana goma ya daina sha, saboda tashin zuciya da kuma rashin ganin canji. Sai da aka sake yi masa bayani cewa irin waɗannan magunguna sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin amfaninsu ya bayyana, alhali illolinsu ƙanana ne ke fara zuwa, kuma bayan an sami sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 don kada ciwon ya dawo. Ƙanensa ne ya ɗauki nauyin tuna masa. Shigar dangi cikin jinya ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, domin tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda mara lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da ɗan uwansa yana karɓar magani. Abin lura kawai shi ne a lamarin Alhaji shi ya zaɓi wanda zai sani da iyakar abin da zai sani.

Tsakanin zama na huɗu da na biyar ya je wurin surukinsa da takardar lissafi a hannu. Tsohon bai yafe bashin ba, ya kuma yi masa faɗa a kan ɓoyewar fiye da asarar, amma sun tsayar da biya kashi-kashi bayan kowace kaka. Mutum ɗaya daga cikin biyar ɗin ya ƙi sauraronsa, har yanzu ba sa gaisawa.

Gaba ɗaya an yi zama shida cikin mako 11. A na ƙarshe makinsa ya sauko daga 17 zuwa 8, yana samun barcin awa biyar zuwa shida a yawancin darare, zafin kan ya ragu ko da yake yakan dawo idan wayar wanda ke binsa ta shigo. Ya koma Tudun Hatsi a matsayin dillali, yana haɗa mai saye da mai sayarwa yana karɓar la'ada, bai sake ajiye kaya a sito ba tukuna. Uwargidansa ta san komai yanzu, amarya kuwa ta san yana zuwa asibiti ne saboda rashin barci. An sa masa ranar dawowa bayan wata guda don a duba magani, ya nemi a mayar da ita safiyar da ba ta kasuwa ba, aka mayar.